Bangon Mai Gwangwani

"Wallahi ko a manyan otal ɗin da nake sauka ban taɓa ganin irin wannan ba."

Injiniya ne ya faɗi haka. Yana tsaye a tsakiyar falon Umma, hannu ɗaya a aljihu, ɗayan yana nuna bangon da ke bayan doguwar kujera.

Auta ta dire tiren lemo a kan tebur, ta koma bakin ƙofa ta tsaya. 

Shekara da shekaru bangon nan yana ba su kunya. Danshi ya kama shi, ko an yi masa fenti ba ya wata biyu sai ya kumbura ya fara zuba. Da Yaya Babba, babban wan Auta, ya ce Injiniya mai neman aurenta zai zo da mahaifiyarsa su ga gida su gan ta, sai ya kira ta ya ce,

"Tunda adon ɗakuna ne sana'arki, ki gyara mana falon nan. Ki yi duk yadda kika ga dama, kada dai mu ji kunya."

Ta kuwa yi yadda ta ga dama.

Kwana uku tana kan tsani. Ta sa aka toshe inda ruwan ke shigowa, ta kafa falankin katako a jikin bangon, sannan ta jera tayil na farin kwano tun daga ƙasa har silin, ɗaya gefen ɗaya, tana kama su da 'yan ƙananan ƙusoshi. Kowanne an buga masa zanen ganye mai naɗe da juna, an shafa masa fenti ruwan madara, an goge tudun zanen har hasken ƙarfen ya fito. In rana ta shigo ta taga, sai ka ga kamar ganyen na motsi.

Mahaifiyar Injiniya ta miƙe da ƙyar, ta je ta shafa da yatsunta masu zobba.

"Masha Allah! Wannan ai da gani ka san ba aikin nan ba ne. Jirgi ne ya kawo shi."

Gwaggo, ƙanwar marigayi Baba, ta gyara zama tana washe baki.

"Ai 'yar tamu ba ta taɓa ƙaramin abu, Hajiya. Idonta a buɗe yake."

Yaya Babba sai murmushi yake yi kamar shi ya yi aikin.

Injiniya ya juyo ya dubi Auta.

"Ranki ya daɗe, irinsa nake so a falonmu, in Allah ya kai mu. Faɗa mini sunan kamfanin, yau ɗin nan in sa a yi oda."

Kalmar "falonmu" ta ɓata wa Auta rai. Sau uku tana gaya wa mutumin nan, da bakinta, cewa zuciyarta na wani wuri. Sau ukun yana dariya yana cewa yarinta ce. Yarinta, ga mace mai shekara ashirin da bakwai da ke ɗaukar ma'aikata aiki.

"Ba sai an yi oda ba," ta ce. "Kamfanin yana nan bayan tashar mota, layin maƙera, rumfa ta huɗu a hannun dama."



"Ban gane ba," in ji Injiniya.

"Wanda ya buga su ɗaya bayan ɗaya da hannunsa shi ne wanda Yaya ya kora daga ƙofar gidan nan wata shida da suka wuce. A nan gidan Mai Gwangwani ake ce masa. Ni Gwani nake ce masa."

Gwaggo ta dafe ƙirji. Mahaifiyar Injiniya ta janye hannunta daga bangon kamar ta taɓa wuta, ta shiga goge yatsun da gefen mayafinta.

"Hajiya, ai ba ya shafa," in ji Auta cikin ladabi. "An sa masa man da ke hana tsatsa."

"Auta!" Yaya Babba ya daka mata tsawa.

Umma kuwa tana kujerarta ta gefen taga, carbi a hannu. Tunda aka fara maganar ba ta ɗago kai ba.

Shekara biyu ke nan da Auta ta san Gwani. Wata mata ce ta ba ta aikin kicin, tana son abin da za a sa a bayan murhu wanda maiƙo ba zai ɓata ba. Auta ta zaga kasuwa ba ta sami abin da ya kwanta mata ba, har ƙarar guduma ta ja ta layin maƙera. Can ta tarar da wani dogon saurayi ya ɗora fallen kwano a kan katakon da ya sassaƙa, yana bugawa a hankali, fure na fitowa. Ta tsaya kallo har ta manta abin da ya kawo ta. Tun daga ranar, ita ke zanawa, shi ke bugawa. Ba ta san ranar da aikin ya zama wani abu daban ba.

Injiniya ya ɗauki makullin motarsa daga kan tebur. Fuskarsa ba ta nuna komai ba, sai wata 'yar jijiya da ke harbawa a gefen goshinsa.

"Rumfa ta huɗu kika ce?"

"A hannun dama."

"Na gode. Mama, tashi mu tafi."

Yaya Babba ya bi su har mota yana ba da haƙuri. Auta na jin muryarsa ta taga, yana cewa shi ne babba a gidan, maganarsa ce magana.

Da ya dawo, bai dawo hannu sake ba. Ya biya ta ɗakin ajiya ya ɗauko doguwar sukudireba.

Auta ta riga shi isa bangon. Ta juya wa bangon baya, ta buɗe hannayenta.

"Matsa."

"Ba zan matsa ba, Yaya."

"Ni kika tozarta a gaban baƙi? Mutumin da ya gina rabin sababbin gidajen garin nan ya tako har falonmu, ki rasa abin da za ki tare shi da shi sai tarkacen gwangwani?"

"Ɗazu da kuka ɗauka jirgi ne ya kawo shi, ai ba tarkace ba ne. Kai ma har hoto ka ɗauka jiya ka tura wa abokanka."

Gwaggo ta tafa hannu.

"Ka ji mini 'ya! Ke yanzu don Allah me kika gani a jikinsa? Mutum kullum hannu duk yanka, riga duk baƙi, in ya yi miki magana sai ya ɗaga murya kamar mai kiran fasinja. In aka tambaye mu me mijinki yake yi, mu ce me? Yana buga gwangwani?"

"Ku ce shi ya yi bangon nan. Ya isa."

Yaya Babba ya zagaya ta gefenta, ya cusa bakin sukudirebar a ƙarƙashin tayil ɗin ƙarshe, ya danna. Ƙusa ta yi ƙara ta fita. Kwanon ya lanƙwashe, zanen ganyen ya karye a tsakiya.

Auta ta kama hannunsa da hannu biyu. Idanunta sun kawo ruwa, amma muryarta ba ta yi rawa ba.

"Ɓamɓare su duka, Yaya. Guda ɗari da ashirin ne. In ka gama, bangon zai koma yadda yake, ni kuma ina nan yadda nake. Ka riƙe ni tun ina ƙarama, ka sa ni a makaranta, ban taɓa ɗaga ido na dube ka ba. Amma wallahi ko shi Gwani ya ce ya fasa, ba zan auri Injiniya ba. Ba na son sa. Ban iya zama da wanda ba ya jin a'a ba."

"Ajiye ƙarfen nan."

Umma ce. Ba ta ɗaga murya ba, amma duk suka juya.

"Umma, yarinyar nan..."

"Na ce ka ajiye. Ku ba ni wuri, kai da Gwaggonku. Zan yi magana da 'yata."

Ya jefar da sukudirebar a kan kujera, ya fita yana huci. Gwaggo ta bi bayansa tana ƙunƙuni.

Auta ta zo ta durƙusa a gaban Umma. Sai a lokacin hawayen suka zubo.

"Umma, ke ma ba kya so na da shi. Na sani. Wata shida ina jira ki ce wani abu, kin yi shiru. In don ba shi da mota ne ki gaya mini. In wani mugun hali kika ji yana da shi, ki gaya mini, wallahi zan saurare ki."

Umma ta daɗe tana kallon tayil ɗin da ya lanƙwashe.

"Miƙo mini shi."

Auta ta ƙarasa cire shi, ta kawo mata. Umma ta juya bayansa, ta bi gefen da babban yatsanta.

"Ya naɗe bakin sau biyu don kada ya yanki mai kafawa. Ba kowa ke yin haka ba. Yawancinsu sau ɗaya suke yi, su huta."

Auta ta ɗago da mamaki.

"Umma, ina kika san wannan?"

"Me aka gaya miki Babanku yake yi?"

"Kayan gini yake sayarwa."

"Wannan a shekara biyun ƙarshe ne, da Yayanku ya buɗe shago ya zaunar da shi a ciki don ya huta. Kina da shekara huɗu ya rasu, ba za ki tuna ba. Babanku maƙerin kwano ne, Auta. Bokiti, mazurari, akwatin ƙarfe, indararo. Shekara goma sha tara ina aurensa yana wannan aikin."

Auta ta zauna daɓas a ƙasa.

"Amma me ya sa ba wanda ya taɓa..."

"Yayanku ne ba ya so. A makaranta ɗan mai gwangwani suke kiransa, har ya daina zuwa na wata guda. Da ya girma ya sami abin hannunsa, sai ya binne maganar. Ni kuma ban tone ta ba."

"Ashe ke ma kunya kike ji."

"Kul!" Umma ta nuna ta da yatsa, idonta ya yi ja. "Kada ki ƙara. Ban taɓa jin kunyar Babanku ba, ko na minti ɗaya. Mutumin da bai taɓa kwana da haƙƙin wani ba? Ni na zaɓe shi, ana ba ni wani na ce shi nake so."

"To, Umma, me ya sa ni..."

"Saboda na san ƙarshen abin." Muryar Umma ta karye. "Gudumar nan ta cinye masa kunne. A hankali ta fara. In na yi magana sai ya ce in maimaita. Daga baya sai na tsaya a gabansa yana kallon bakina. Ranar da aka haife ki, aka miƙa masa ke kina tsala kuka, ya dube ni ya ce, 'Me ya sa ba ta kuka?' Auta, bai taɓa jin muryarki ba. Ko sau ɗaya."

Auta ta rufe bakinta da hannu.

"Shekara bakwai ina zaune da mijina kamar akwai gilashi a tsakaninmu. In abin dariya ya faru, sai in juya in gaya masa, sai in tuna. Kin ji Gwaggonki ta ce yaron nan yana ɗaga murya in zai yi magana? Haka Babanku ya fara. Ni ba mota nake nema miki ba. Ina so ki sami wanda za ki yi hira da shi har ku tsufa."

Suka yi kuka tare, Auta ta kifa kanta a cinyar Umma, Umma na shafa bayanta. Sun jima a haka.

Sannan Auta ta ɗago, ta share fuskarta da gefen ɗankwali.

"Umma, in tambaye ki?"

"Ina ji."

"Da an gaya miki tun farko cewa haka za ta faru, da kin fasa aurensa?"

 Umma ta kawar da kai wajen taga.

"Tashi ki ba ni wuri."

"Ba ki amsa ba, Umma."

"Na ce ki tashi."

Auta ta miƙe. Ta ɗauki mayafinta da jakarta. A tsakar gida Yaya Babba ya sha gabanta.

"Ina za ki?"

"Inda ka sani."

"In kika taka ƙofar nan, kada ki sake ce mini Yaya."

Ta dube shi, tausayinsa ya kama ta, abin da ba ta taɓa ji ba a kansa.

"Zan ci gaba da ce maka Yaya har in mutu. In ka ga dama ka amsa."

Ta raɓa shi ta wuce.

La'asar ta yi sanyi lokacin da ta isa layin maƙera. Ƙarar guduma ta ko'ina, kamar kullum, amma yau sai ta ji kowane bugu a cikin kunnenta. A bakin rumfa ta huɗu ta ga abin da ba ta zata ba. Farar motar Injiniya ce, ta toshe rabin hanya.

Ta tsaya a bayan tulin fallayen kwano da ke jingine a ƙofar.

Injiniya na zaune a kan benci, ya shimfiɗa hankici kafin ya zauna. Gwani na tsaye a gaban teburin aikinsa, almakashin ƙarfe a hannu, gumi ya jiƙa masa riga.

"Gidaje arba'in nake ginawa a wani gari," Injiniya ke cewa. "Kowanne ina son silin da bango irin wanda na gani yau. Zan kawo maka injin da zai riƙa buga maka zanen, ka huta da guduma. In ba ka wurin aiki, in ba ka wurin zama. Shekara uku kana can. Ka san dai irin wannan ba ta zuwa sau biyu."

"Haka ne, ranka ya daɗe."

"Abu ɗaya nake so. Ka bar garin nan cikin satin nan, kuma ka goge lambarta."

Gwani ya yi shiru. Ya dubi gudumarsa, ya dubi hannayensa. Auta ta san tun yaushe yake mafarkin injin nan. Hoton injin ma yana nan manne a jikin rumfar, ya yanko daga wata takarda.

Shirun ya yi mata tsawo. Ta fito.

Duk suka juyo. Gwani ya ga idanunta sun kumbura, ya ajiye almakashin.

"Wa ya sa ki kuka?"

"Bar wannan. Na ji abin da ya ce. Kada ka amsa don ina tsaye. In kana so ka karɓa, wallahi ba zan riƙe ka a zuciya ba. Ni dai na riga na gaya musu a gida, ko da kai ko ba kai, ba zan aure shi ba."

Injiniya ya yi 'yar dariya.

"Kin ga ni taimakonsa nake son yi."

Gwani ya goge hannunsa da tsumma, ya matso gaban bencin.

"Ranka ya daɗe, shirun da na yi, ina neman yadda zan faɗa maka ne ba tare da na yi maka rashin kunya ba, don ka girme ni. Aikin gidajenka ina so, ba zan yi maka ƙarya ba. In tayil kake nema, ka kawo awo, zan yi maka wanda ba ka taɓa gani ba. Amma ita ba ta cikin kayan rumfar nan, balle in sa ta a ciniki. Lambarta kuma ko na goge a waya, na haddace."

Injiniya ya miƙe, ya naɗe hankicinsa a hankali.

"Za ka tsufa a rumfar nan."

"Allah ya sa da lafiya."

"Ke kuma, maganata da Yayanki ba ta ƙare ba."

"Sai ka aure shi," in ji Auta.

Maƙerin rumfar kusa, wanda ya daina aiki tun ɗazu yana kasa kunne, ya tuntsire da dariya har gudumarsa ta faɗi. Injiniya ya shiga mota ya buga ƙofa, ya ja ta da ƙarfi.

Da motar ta kauce, sai ga wata mata tsaye a inda ta tashi, da babban mayafi ruwan toka, tana riƙe da lanƙwasasshen tayil a hannu.

"Umma!" Auta ta yi baya. "Ya aka yi kika gane wurin?"

"Ni za a nuna wa layin nan? Kafin a haife ki nake kawo abinci nan."

Gwani ya zube ƙasa yana gaishe ta. Ba ta amsa ba. Ta shigo rumfar tana duba teburin, da katakan zane da ke rataye, da gudumomin da aka jera daga babba zuwa ƙarami. Ta ɗauki ɗaya ta jinjina nauyinta, ta mayar.

Sai ta koma bayansa, ta yi magana ƙasa-ƙasa, yadda ko Auta da ƙyar ta ji.

"Shekararka nawa kana wannan aikin?"

"Goma sha ɗaya, Umma," ya amsa nan take, bai juyo ba.

Umma ta lumshe ido. Auta ta ga ƙirjinta ya sauka.

"Me kake toshe kunnenka da shi in kana bugu?"

"Ba na sa komai, Umma."

"Sakarai." Ta ajiye masa tayil ɗin a kan tebur. "Daga yau kada ka sake ɗaga guduma kunnenka a buɗe. Gobe da safe ka je asibiti a auna maka ji, ka karɓo takarda. Ka buga wani irin wannan, ka zo da hantsi ka mayar mini da shi inda aka cire. Da hannunka, ta ƙofar gaba."

"Umma, Yaya fa?" in ji Auta. "Ya rantse in ya sake ganinsa a ƙofar gidan..."

"Gidan na Yayanki ne ko nawa?"

Auta ta kasa riƙe murmushin da ya taho mata. Umma ta galla mata harara.

"Rufe bakinki, ban ce na ba shi ba. Bangona za a gyara." Ta gyara mayafinta ta nufi hanya. "Wuce mu tafi. Yayanki ya kira kawunnanku, tun ɗazu suna falo suna jiranmu."